Yadda ake yi wa bindigar tunawa ta Winchester kuɗi bayan an yi harbi da ita

Yaron shago ya tambaya: "Maigida, wani ya kawo bindigar Winchester samfurin 94 mai liba (ƙarfen da ake ja ƙasa a ɗana ta), ta tunawa da Buffalo Bill, shahararren maharbin nan na Amurka. Ya ce gado ya ci, kuma irinta ba ta da yawa. Babu kwalinta, ya kuma ce mahaifinsa ya yi farauta da ita. Nawa zan yi mata?"

Maigida ya ce: To, kafin maganar kuɗi, ka tabbatar babu harsashi a ciki. Juya bakinta gefen da babu kowa, ka ja libar a hankali sau ɗaya, ka leƙa ɗakin harsashi, ka duba bututun ajiya da ke ƙarƙashin baki. Sau ɗaya na ce. Da a kwali ta zo, sabuwa fil, duk jan da ka ƙara kuɗin mutane kake kankarewa, don sakata (ƙarfen da ke rufe ɗakin harsashi) tana gogar guduma (mai bugun allurar harbi) ta bar mata zane. Shi ya sa za ka ga masu tara irin waɗannan bindigogi suna ɗaure libar da igiyar roba a wurin baje koli.

Batun cewa ba ta da yawa kuwa, ka saurare shi da ladabi, amma kada ka sa shi a lissafi. A 1964 kamfanin Winchester na birnin New Haven a Amurka ya fara fitar da bindigogin tunawa, da ta cikar jihar Wayomin shekara 75, guda wajen 1,500 kacal. Da suka ga kasuwa ta karɓa sai suka buɗe famfo. Ta cikar kamfanin shekara ɗari a 1966 ta haura 100,000. Ta cikar Kanada shekara ɗari a 1967 ta kai wajen 90,000. Wannan ta Buffalo Bill da ke hannunka, ta 1968, ta wuce 110,000. Kuma yawancin waɗanda suka saya ba su taɓa harbawa ba, ƙarƙashin gado suka tura da niyyar wata rana za ta yi tsada. Yau magada suna ta fito da su sababbi a kwali. Wa zai biya kuɗin ajiya a kan wadda ta sha daji, alhali ga sabuwarta birjik?

Saboda haka farashi biyu za ka nemo, na sama da na ƙasa. Na sama shi ne abin da aka biya a kan irinta wadda ba a harba ba, da kwali da takardu. Na ƙasa shi ne kuɗin samfurin 94 na talaka, mai cin harsashi .30-30, ƙirar bayan 1964, mai lafiya irin tata. Ta wannan mutumin tana tsakani, kuma ta fi kusa da ƙasa. A sana'ar nan an san cewa harbi da rashin kwali na iya cinye har rabin kuɗin bindigar tunawa.

Ka riƙe shekarar 1964 da kyau. A shekarar kamfanin ya sauya ƙira don rage tsada: ƙirjin bindigar, wato gidan ƙarfen da sakata da liba ke aiki a ciki, ya koma wani haɗin ƙarfe da ba ya shan baƙin rini yadda ya kamata, fil na nannaɗaɗɗen ƙarfe ya maye gurbin mai ƙarfi, abin ɗaga harsashi ya zama na bugun inji. Duk bindigogin tunawa na wancan zamani a kan wannan ƙirar aka yi musu ado. Kada ka kuskura ka gwada ta da farashin 94 ta kafin 1964, wannan wata kasuwa ce daban, ta manya.

Yanzu ɗauko tocila da gilashin ƙara girma, ka shimfiɗa tsumma mai laushi. Fara da lambar da aka buga a jikin bindigar. Ta Buffalo Bill tana farawa da WC, bakinta mai kusurwa takwas ne, inci 26 a doguwa, inci 20 a gajeruwa, ga tambari kamar kwabo an dasa a katakon gindi. In ɗaya daga ciki bai dace ba, an yi canji, ka dakata.

Sai alamun aiki. Duba fuskar sakata: zobe kewaye da ramin allurar harbi alama ce ta gindin kwanso ya sha bugun wurin. Ɗan kaɗan ba komai, don masana'anta ma tana gwajin harbi kafin ta fitar, amma zobe mai kauri ya nuna an yi ta yi. Duba murfin da ake cusa harsashi ta gefen dama, za ka ga layi siriri inda bakin kwanso ya riƙa karta. Duba gefen liba inda take shiga ƙirji, da zoben sirdi na gefen hagu, wanda in an yi yawo da bindiga yakan zana da'ira a jikin ƙarfe. Sannan ka haska cikin baki. Datti yana fita da buroshi. Ramukan tsatsa ba sa fita, kuma su ne ke sauke ta ƙasa da farashin ƙasa, domin mafarauci ma ba zai so ta ba.

Adon shi ya fi ba da ciwon kai. Ruwan nikal da ruwan zinare da aka zuba wa waɗannan bindigogi sirara ne ƙwarai. Gumin hannu yana cinsu, man goge ƙarfe yana share zinare a shafa biyu, maganin wanke baki mai amoniya kuma in ya samu kafa ya shiga ƙarƙashin nikal sai ya ci jan ƙarfen da ke riƙe da shi, nikal ɗin ya fara ɓarewa kamar ɓawon ƙwai. Wannan ba ya gyaruwa ta hanyar riba. In ka sake zuba ruwa, kuɗin aikin ya fi abin da za ta ƙaru, kuma mai ido zai gane. Don haka hannunka kada ya yi ƙaiƙayi: tsumma da ɗigon mai, shi ke nan.

Katako kuwa, dubi wuyansa daidai inda ya haɗu da wutsiyar ƙarfe, nan yake tsagewa. Kan kusoshi in sukuddireba ta tauna su, wani ya buɗe ta a gida. Ramin da aka huda don maɗaurin rataya ko tabarau na hangen nesa, wannan ya fitar da ita daga sahun masu tarawa gaba ɗaya.

Ko da ya ce babu kwali, ka ce ya koma gida ya bincika. Kwalin asali, da rigarsa mai hoto, da farin soson ciki, da takardar da ke rataye, da lambar gefen kwali da ta yi daidai da ta bindiga, duk kuɗi ne. Kwali kaɗai ma ana cinikinsa. Wanda lambarsa ta saɓa kuwa, ka faɗa wa mai saye gaskiya. In ya zo da shi, ka duba gefen da ya kwanta a soson, don soson yana riƙe laima, bindigar da ba a taɓa harbawa ba ma takan yi ɗige-ɗigen tsatsa a nan.

Wajen nemo farashi, abin da aka sayar za ka duba, ba abin da ake nema ba. A GunBroker, shafin intanet na gwanjon bindigogi, akwai bindigogin da suka shekara ana tallarsu da tsada babu mai tayawa. Shiga ɓangaren gwanjon da aka kammala, ka tsamo biyar ko shida na 'yan watannin nan masu kama da taka, ka jefar da mafi tsada da mafi araha, ka ɗauki tsakiya. In sakamakon gidan gwanjo irin Rock Island ka duba, ka lura ko an haɗa da la'adar mai saye, don ita ba ta shiga aljihun mai kaya. Littafin farashi kuwa, adadin da yake bai wa bindigar tunawa na sabuwa ne a kwali.

Ga misali, kuma alƙaluman na koyo ne kawai. A ce sabuwa a kwali ta tashi dala 900, ta talaka kuma 550. Bakin taka yana da tsabta, nikal bai ɓare ba, zane kaɗan: ka sa mata 600 zuwa 650. Nikal ya ɓare ko wuya ya tsage: 500 ko ƙasa, don mafarauci ya fi son baƙar bindiga lafiyayya a kan mai ƙyalli da ta kwaɓe. Wannan kuɗin da za ta fita daga shago ke nan. Abin da za ka miƙa masa a hannu wajen kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari ne na wannan, saboda za ta iya zama wata da watanni a rataye. In ya ga ya yi kaɗan, ka ba shi zaɓin ya bar ta a sayar masa mu cire la'ada.

Kuma ka juya masa kwamfutar ya ga cinikin da aka kammala da idonsa, ka nuna masa adadin da aka ƙera. Mutumin da ya taho da labarin mahaifinsa ba ya son jin ƙaramin kuɗi daga bakin yaron shago. In ya ce zai koma da ita, ka shafa mata mai, ka gaya masa kada ya ajiye ta a jakar fata ko mai soso, ka rubuta masa farashin da kwanan wata a takarda.