Ku fara gyara ƙofar masallacin da wurin alwala

Malam, tambayarka ita ce kuɗin da kwamitin masallacinku na Agege ya tara don masu nakasa, a raba musu hannu da hannu ne ko a yi wani aiki da shi. Shawarata kada ku raba duka. Ku yi gangare a ƙofar shiga yadda keken guragu zai hau, ku faɗaɗa ƙofar banɗaki, ku gina dakalin zama a wurin alwala. Abin da ya rage ku ba masu sana'a a cikinsu jari. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su yi irin wannan gyara, wa'adin ma ya wuce.

Sharaɗi ɗaya dai: kafin magini ya taɓa siminti, ku zauna da su kansu masu keken. Mu a unguwarmu mun yi gangaren ba mu tambayi kowa ba, ya fito a tsaye, aka kuma shimfiɗa masa tayil mai santsi. Da damina ta zo, wani dattijo da muka yi domin shi ya ci gaba da salla a waje, wallahi abin ya dame ni. Sai da muka fasa muka sake. Ƙa'idar ita ce kowane taku 1 na tudu a ba shi taku 12 na tsawo, a sa ƙarfen riƙewa a gefe. Ku kuma raka masu nakasar ofishin LASODA, wato hukumar jihar Legas mai kula da harkokin masu nakasa, su yi rajista da gwamnatin Legas.