Tambaya da Amsa: Na Fallasa Almundahana a Ofis, Yanzu Ni Ake Tuhuma

Wasiƙun wannan makon duk a kan abu ɗaya suke: ma'aikacin gwamnati ya ga ɓarna, ya yi magana, sai reshe ya juye da mujiya. Mun sakaya sunayen masu tambaya da na ofisoshinsu, kamar yadda suka roƙa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen kuɗi na wata ma'aikatar tarayya, ina mataki na 09. Na ga baucocin biyan kuɗin taron bita da ba a taɓa yi ba, na rubuta wa ICPC, hukumar yaƙi da rashawa ta tarayya. Bayan mako uku aka ba ni kweri, wato takardar tuhuma, wai na fitar da sirrin gwamnati kuma ina yawan makara. An ce in amsa cikin awa 72. Abokan aiki sun ce kada in wahalar da kaina, an riga an yanke hukunci. Mece ce mafita?
Wani ma'aikaci daga Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri. Ka amsa, kuma ka amsa kafin wa'adin ya cika. Wanda bai amsa takardar tuhuma ba ana ɗaukarsa kamar ba shi da ta cewa, sai a ci gaba da hukunci ba tare da shi ba, ga kuma sabon laifin rashin biyayya da ya ɗora wa kansa.

Ba za ka taɓa ganin shugaban da zai rubuta cewa ya hukunta ka don ka kai shi ƙara ba. Ramuwar gayya a aikin gwamnati ta hanyar takarda take zuwa: kweri a kan makara, canjin wurin aiki, rage maki a fom ɗin auna ƙwazo na shekara, ɓatan fayil lokacin ƙarin girma. Saboda haka da takarda za ka kare kanka, kuma babban makaminka jerin ranaku ne. Ɗauki littafi a gida, ba a ofis ba, ka rubuta ranar da ka ga baucocin, ranar da ka kai ƙorafi, ranar da kweri ya fito, da wanda ya sa masa hannu. Idan shekara takwas kana aiki ba a taɓa tuhumarka ba, sai kwana 21 bayan ƙorafinka tuhuma ta zo, ranakun nan su za su yi maka shaida a gaban kwamiti ko alƙali.

Amsar ta zama gajeriya, babu zagi, babu habaici. Bi tuhumar ɗaya bayan ɗaya. A kan makara, nemi a nuna maka ranakun a rajistar zuwa aiki. Idan da gaske ka makara sau biyu, faɗi haka da dalilinka, domin ƙarya ɗaya a nan za ta zubar da gaskiyarka a sauran. A kan fitar da sirri, ka rubuta cewa hukumar da doka ta kafa don binciken rashawa ka kai wa bayanin, sannan ka ambaci sashe na 27 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Sashen ya ce Dokar Sirrin Gwamnati ba za ta cutar da ma'aikacin da ya bayyana bayanin da yake da dalilin yarda cewa yana nuna karya doka, zamba, almubazzaranci da dukiya, amfani da muƙami ba bisa ƙa'ida ba, ko haɗari ga lafiyar jama'a, ko da ba a ba shi izini ba. Ma'aikata da yawa ba su san da wannan sashe ba, kuma shi ne mafi ƙarfin abin da kake da shi a yanzu.

A ƙarshen amsar ka nemi a ba ka damar ganin duk takardun da za a yi amfani da su a kanka. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun ba ka wannan dama a tuhumar da za ta iya kai wa ga kora. Buga kofi biyu, miƙa ɗaya ta hannun shugabanka na kusa, a buga wa ɗayan hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannu. Idan aka ƙi karɓa, kai rajistiri, wato ofishin karɓar wasiƙu da ajiye fayiloli, in nan ma aka ƙi, aika ta kamfanin kai saƙo ka ajiye rasit. A ranar kuma ka sanar da jami'in ICPC mai riƙe da ƙorafinka, a rubuce, cewa an fara tuhumarka.

Ka san abin da zai iya biyowa baya. Dakatarwa iri biyu ce a ƙa'ida: akwai wadda ake biyan rabin albashi har a gama bincike, akwai wadda ake tsayar da albashin gaba ɗaya, kuma wannan ta biyun sai an nuna akwai hujjar laifi mai nauyi. Idan aka dakatar da kai, duba wace ce aka rubuta maka. Kora kuwa, a ma'aikatun tarayya Babban Sakatare yana da ikon korar ma'aikaci ne daga mataki na 06 zuwa ƙasa kawai. Kai da kake mataki na 09, sai Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya. Daga yau ka riga kowa zuwa ofis, kada ka fita ba izini a rubuce, kada ka ɗauki asalin fayil ka kai gida. Masu neman ka da sharri laifi na gaske suke jira.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin jiha. Na faɗa wa shugabanni cewa maganin da ake bayarwa kyauta yana fita ta bayan gida zuwa kemis. Ba a yi wata ɗaya ba aka tura ni wani ƙauye mai nisa, ga yara ƙanana. In ƙi tafiya?
Wata uwa daga Kano

Amsa: Malama, sannu da haƙuri. Mun san nauyin abin da za mu faɗa, amma kada ki ƙi tafiya. Canjin wurin aiki ikon hukuma ne, ƙin zuwa laifi ne, kuma rashin zuwa aiki ba izini yana cikin manyan laifukan da ake kora a kansu. Sau da yawa manufar turawar ke nan: ki ƙi, a tsayar da albashi, a ce kin gudu daga aiki. Ki je ki kama aiki, ki karɓi takardar shaidar kama aiki, sannan ki rubuta ƙorafi ga hukumar kula da asibitocin jihar, ki ce kin bi umarni amma kina neman a sake dubawa. Ki haɗa ranar da kika yi magana da ranar da takardar canjin ta fito. Ki bincika ko ke kaɗai aka ɗauke ko cikin jerin mutane ne, kuma ko an bi tsarin da aka saba. Idan sunanki kaɗai ne a takardar, a lokacin da ba a saba canji ba, wannan hujja ce babba.

Inda muke jin tsoro shi ne kalmar da kika yi amfani da ita, "na faɗa". Idan da baki ne, gobe za a ce ba a taɓa jin zancen ba. Ki mayar da shi rubutu yanzu: sunan maganin, lambar rukuninsa da ke jikin kwali, adadin da littafin sito ya nuna ya shigo, da adadin da ya isa hannun marasa lafiya. Kada ki saka sunan majinyaci ko hoton katinsa. A Kano akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta jiha, ga kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1975, mai ofis a jihohi. Ba a biyan kuɗi, amma ita ta tarayyar ba ta karɓar kokon da ya wuce wata 12, ko wanda yake gaban kotu. Ki sanar da ƙungiyarku ta ma'aikatan jinya ma, a rubuce.

Tambaya: An kore ni wata biyu da suka wuce, bayan na tona asirin ma'aikatan bogi a hukumarmu. Ba a kira ni gaban wani kwamiti ba. Na shekara 24 ina aiki. Manya suna ta cewa in dakata, za a sasanta.
Wani dattijo daga Bauchi

Amsa: Baba, a ci gaba da sulhun, amma ku ga lauya a wannan makon. Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta ce ƙarar da za a shigar a kan jami'i ko hukuma saboda aikinsu sai cikin wata uku. Kotuna sun sha bamban a kan ko wannan wa'adi ya shafi shari'ar kora daga aiki, don haka kada ku jingina da sa'a. Ƙari a kan haka, dokokin hukumomi da yawa sun wajabta a ba su sanarwar niyyar kai ƙara tun kafin a shigar, galibi wata ɗaya. Ku lissafa da kanku: wata biyu sun tafi. "Dakata, za a sasanta" ta cinye wa mutane da yawa haƙƙinsu.

Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi, bisa sashe na 254C na tsarin mulki. Idan doka ce ta tsara yadda ake ɗauka da korar ma'aikatan hukumarku, kotu tana iya soke korar, ta mayar da ku bakin aiki, ta ce a biya albashin da aka riƙe. Kotun Ƙoli ta tsayar da wannan tun a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985. Rashin ba ku damar kare kanku shi ne ƙashin bayan ƙararku. Ku tafi wa lauya da takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma ta ƙarshe, takardun albashi, takardar korar, da kofin ƙorafin da kuka kai. Saƙonnin waya kuma kada ku goge, kada ku sayar da wayar, domin Dokar Shaida ta 2011 tana da sharuɗɗa kafin a karɓi shaidar da ta fito daga na'ura.

Tambaya: Ban kai ƙara ba tukuna. Na ji ana ba mai kwarmato kaso. Gaskiya ne, kuma za a ɓoye sunana?
Wani matashi daga Abuja

Amsa: Ɗan'uwa, gaskiya ne. A Disambar 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da tsarin kwarmata bayanai, mai ba da kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato. Sharaɗin shi ne bayaninka ya zama sabo ga gwamnati, kuma shi ya kai ga dawo da kuɗin. A ƙarƙashinsa ne aka gano sama da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi a Afrilun 2017. Sai dai tsari ne na gwamnati, ba dokar da majalisa ta kafa ba, saboda haka alƙawarin kariyar da ke cikinsa ba shi da ƙarfin doka. Wannan babban giɓi ne, kuma bai kamata a ci gaba da kiran mutane su fito su yi magana ba tare da an rufe shi ba. Ghana tana da dokarta tun 2006, inda wanda aka muzguna wa yake kai kuka ga hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar.

Sashe na 64 na dokar ICPC ta 2000 ya hana bayyana wanda ya kawo bayani. Sashen dai kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga wanda ya kawo bayanin da ya san ƙarya ne. Don haka rubuta abin da idonka ya gani kawai: lambar bauca, kwanan wata, adadin kuɗi, asusun da suka shiga. Ka bar zato da jita-jita.

Yawanci sunan mai kwarmato ba daga hukumar bincike yake fita ba, daga ofis ne. Idan mutum uku kaɗai ke taɓa takardar da ka miƙa, an gane ka. Gara ka nuna wa masu bincike inda za su nema da kansu. Kada ka yi amfani da kwamfutar ofis, ko intanet ɗinta, ko injin buga takardunta. Sashen yaƙi da rashawa da ke cikin ma'aikatarku, wato ACTU, abokan aikinka ne ke zaune a ciki, don haka idan wanda ake zargi yana sama da su, wuce kai tsaye zuwa ICPC ko EFCC. Kada ka fara da Facebook, domin nan ƙarar ɓata suna take jiran mutum. Kafin ka miƙa komai, ka yi kofin duk takardun da ke fayil ɗinka na aiki, har da fom ɗin auna ƙwazo na shekara uku da suka wuce, ka ajiye su a gida.