Saura shekara 2 a yi ritaya

Yallabai, ka ce saura shekara 2 ka cika 35 a aikin gwamnati, kana fargabar zaman gida, kana tambaya ko ka jira garatuti ka ja jari. Kada ka jira. Fara 'yar sana'a tun albashi na shigowa, ko da sayen hatsi ne a Dawanau lokacin kaka, ka ajiye zuwa bazara.

Ni da na ajiye aiki, sai da kuɗina suka shekara ba su fito ba, amma rashin wurin zuwa da safe ya fi rashin kuɗin ci mini rai. Sharaɗi ɗaya: fara zama a rumfar wanda ya san harkar tukuna. Mu 'yan ofis, wallahi, ba mu iya karɓo bashi ba.