Na'urar awon CO2 ta nuna 230 a waje, ta lalace ne?

"Maigida, barka da aiki. Na'urar awon iskar kabon dayoksaid (CO2) da muka kafa a ɗakin majinyata wata uku da suka wuce, yau na ciro ta na fita da ita tsakar gida, sai ta nuna 230. A cikin ɗakin kuwa, ga mutane dare da rana, tagogi a rufe, esi na aiki, amma da kyar take wuce 700. Ta lalace ne, ko sake saita ta zan yi?"

Yauwa ɗana, ka yi daidai da ka fita da ita waje. Ba ta lalace ba, saitinta ne ya zame, kuma ita ce ta zamar da shi da kanta.

Fara riƙe lamba ɗaya a kanka. Iskar waje a yanzu tana ɗauke da CO2 tsakanin 420 da 430 ppm, wato kashi 420 da ɗoriya cikin miliyan. A tsakiyar gari, inda motoci da janareta suka yi yawa, tana iya kai 450 ko 500. Babu filin da za ka tsaya a sararin Allah ka sami 230. Duk na'urar da ta nuna ƙasa da 400 a waje, tana rage maka lissafi ne, kuma abin da ta rage a waje shi take ragewa a ɗaki. Taka tana cin kusan 200, ke nan 700 ɗin nan ya doshi 900.

Ga yadda abin ke faruwa. A cikin na'urar kirki, irin wadda aka rubuta NDIR a kwalinta, akwai ɗan ƙwan fitila da ke haska hasken infirared, wanda ido ba ya gani, ta cikin wani ƙaramin bututu. Iskar CO2 tana shanye wani ɓangare na hasken nan, a tsawon zango na maikiromita 4.26, sai idon da ke ɗaya ƙarshen ya auna abin da ya rage. Da tafiya ta yi tafiya, fitilar takan dusashe, bututun ya yi datti, awo ya fara kaucewa. Don maganin wannan, masu ƙerawa suka sa mata wata dabara ta gyaran kai, wadda za ka gani a jerin saituna da sunan ABC. Na'urar tana duba lamba mafi ƙanƙanta da ta gani cikin wani wa'adi, galibi kwana bakwai ko takwas, wasu masu araha ma awa 24 kacal, sai ta ɗauka cewa wannan lambar ita ce iskar waje, ta matsar da ita zuwa 400.

A aji ko ofis dabarar tana aiki, domin da dare da ƙarshen mako babu kowa, iskar ɗakin takan koma kamar ta waje. Amma ɗakin majinyata yaushe yake zama babu mutum? Idan mafi ƙarancin abin da ɗakin ke sauka shi ne 600, na'urar za ta riƙa jan 600 ɗin nan ƙasa mako bayan mako har ya zama 400 a idonta. Don haka a asibiti, ɗakin masu gadi, ɗakin kaji, da duk inda numfashi ba ya yankewa, abu na farko shi ne ka kashe ABC. Idan ka saita ta ba ka kashe shi ba, aikin baban giwa ka yi, bayan wata biyu za ka dawo inda kake.

Saitin kansa ba wuya, haƙuri yake so. Sa mata sabon batir ko ka cika cajinta, don kada ta mutu a tsakiyar aiki. Nemi fili mai iska a inuwa, nesa da titi, da hayaƙin janareta, da murhu, da bakin magudanar ruwa. Zaɓi hantsi ko la'asar lokacin da iska ke kaɗawa. Da asuba idan gari ya yi tsit, CO2 takan taru kusa da ƙasa, musamman wurin da ke da ciyayi da itatuwa. Ɗora ta a kan kujera ko tebur, kamar mita ɗaya daga ƙasa, ka kunna, ka bar ta minti 20 zuwa 30 har lambar ta daina yawo. Sannan ka shiga saitin hannu ka danna. Wasu na'urorin 400 kawai suka sani, wasu kuma suna ba ka dama ka sa lamba. Idan ta ba ka, sa 420. Kana dannawa ka ja da baya aƙalla mita biyu, ta ɓangaren da iska ba za ta kai mata numfashinka ba. A nan yawancin yara ke ɓata aiki: su tsaya a kanta suna leƙen allo. Numfashin da kake fitarwa yana da CO2 kusan 40,000 ppm, ninki ɗari na iskar waje, huci ɗaya ya isa ya lalata saitin. Idan ta gama, kashe ta, ka sake kunnawa, ka jira minti goma. Abin da ya faɗo tsakanin 400 da 450 ya yi.

Kada ka fito da ita daga sanyin esi kai tsaye zuwa iskar damina ka hau saiti. Raɓa za ta kwanta cikin bututun, awon ya rikice. Bar ta ta ɗauki zafin waje tukuna. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, tana toshe ƴan ramukan da iska ke shiga, sai ka ga na'urar ta yi nauyin amsawa. Goge da burushi mai laushi. Kada ka hura da baki, kada ka sa mata iskar kwamfuresa.

Wannan saitin na waje wuri ɗaya kawai yake gyarawa, wato ƙasan ma'auni. Idan aikin na masu neman takardar shaida ne, sai an haɗa da gas na silinda: naitirojin zalla don sifili, da gas mai sanannen ƙarfi kamar 1,000 ko 2,000 ppm don sama, a sake shi ta regileta a hankali, kamar rabin lita a minti. Idan babu silinda, jera na'urori biyu ko uku a ɗaki guda mai mutane. Yawancinsu kuskurensu na halal yana wajen 30 zuwa 50 ppm, da ƙarin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na abin da suka nuna, saboda haka bambancin 60 ko 80 a kan 1,000 ba abin tada hankali ba ne. Wadda ta ware da 200, ita ce mai laifi. Ka kuma tuna da tudu: na'urar da ba ta gyara matsin iska da kanta, idan aka saita ta a Legas aka kai ta Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, za ta rage fiye da kashi 10 cikin ɗari. Duba ko tana da wurin sa tsayin gari.

Wajen mayar da ita ɗaki, kafa ta daidai tsayin numfashi, mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, nesa da taga da ƙofa da bakin esi, kuma aƙalla rabin mita daga kan gadon kowa. Kada ka yanke hukunci da kallo ɗaya. Bi ta yini guda ka ga inda take tsayawa lokacin da ɗakin ya fi cika. Ƙasa da 800, iska na shiga sosai. Iyakar 1,000 da kowa ke ambato ta samo asali ne daga wani likitan Jamus, Max von Pettenkofer, tun 1858, kuma alama ce ta cewa iskar da mutane suka fitar ta fara yawa, ba wai guba ta kai ba. Idan tana zama sama da 1,500, a buɗe tagogi ko a sa fankar fitar da iska. Masu gida za su ce maka ai akwai esi. Esin bango iskar ɗakin yake juyawa yana sanyayawa, ba ya shigo da sabuwa ko kaɗan.

Kana iya auna yawan canjin iskar ɗaki da ita, a wurin da mutane ke watsewa kamar aji. Cire 420 daga lambar da ta nuna lokacin da suka fita, ka duba tsawon lokacin da ragowar zai rabu biyu. Misali daga 1,620 zuwa 1,020: ragowar ta sauka daga 1,200 zuwa 600. Idan awa ɗaya ta ɗauka, iskar ɗakin tana canjawa kusan sau 0.7 a awa, ya yi kaɗan ƙwarai. Idan minti 20 ne, kusan sau biyu ke nan.

Kasuwa cike take da na bogi, waɗanda ƙamshin sinadarai suke shinshina su ƙiyasta CO2, wani lokaci a rubuce eCO2. Kafin ka saya, kusanto da audugar da ka jiƙa da sanitaiza. Ta gaske ba za ta motsa ba, ta bogi za ta yi tsalle zuwa dubbai. Irin wannan ba ta saituwa, kada ka ɓata lokacinka.

Sai abin da nake so ka faɗa wa duk wanda ka kafa wa na'urar nan, da bakinka, kafin ka karɓi kuɗin aiki: ba ta ganin kabon monoksaid, wato CO. Wannan ita ce iskar da ke fita daga janareta da garwashin gawayi, wadda ke kashe mutane suna barci a ɗaki rufe, ba ta da wari ba ta da launi. Na'urarka tana iya nuna lamba mai kyau alhali ɗakin ya cika da ita. Inda akwai janareta kusa da taga, ko ana shiga da kaskon wuta lokacin sanyi, sai an sa ƙararrawar CO daban, kuma ita ma tana da ranar ƙarewar aiki a rubuce a bayanta, ka duba kafin ka kafa.