Tambaya da Amsa: Shiton da nake sayarwa a WhatsApp, sai na yi masa rajista?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ni ina Aboabo nan Kumasi, ina yin shito, wato soyayyen barkonon nan mai kifi da mai, da yaji da ƙuli-ƙuli ina zubawa a kwalba da leda ina tallatawa a WhatsApp da TikTok, a turo min kuɗi ta waya, wato MoMo, in sa kaya a mota har Accra. To sai na ga wani bidiyo wai duk mai sai da kayan da aka ɗaure a intanet sai ya yi rajistar LMPC in ba haka ba za a kwashe kayansa, wallahi hankalina ya tashi. Gaskiya ne? Daga 'yar uwarku a Aboabo.

AMSA: Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ki kwantar da hankalinki, wannan LMPC ɗin dokar Indiya ce, ƙa'idojinsu na 2011 kan kayan da aka ɗaure, kuma tun 2018 suka wajabta wa masu kasuwar intanet na can su nuna bayanan kaya a shafinsu. Ba ta hau kanki ba sai in Indiya za ki kai shiton.

Amma fa mu ma nan Gana muna da tamu, kuma ita ce mutanenmu na Zango suke sakaci da ita. Akwai dokar lakabi ta 1992, L.I. 1541, sannan akwai dokar lafiyar jama'a ta 2012, Act 851, wadda ta ce abincin da aka sarrafa aka ɗaure don sayarwa sai FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana, ta yi masa rajista, kuma ba ruwanta da ko shago gare ki a Kejetia ko a status kike talla, abinci dai ciki zai shiga. Ko tallan ma sai da izininsu. Abin da ake so a jikin kwalba shi ne sunan kayan da abubuwan da kika haɗa a ciki, ranar da aka yi da ranar da zai lalace, lambar rukunin da kika dafa, sunanki da adireshinki, ƙasar da aka yi, yadda za a ajiye, da nauyi. A rubuta da Turanci, ki ƙara Hausa in kina so.

Maganar nauyin nan ita ta fi damuna gaskiya. Mun saba da olonka da gwangwani da awon ido, yau kwalba ta cika har wuya gobe ta tsaya a kafaɗa kuɗi kuma ɗaya, wanda ya saya daga Nima a Accra bai ga lokacin zubawa ba, rubutunki kawai ya yarda da shi. In kin rubuta giram 500 to shiton ne zai kai 500, ban da kwalba da murfi. Ki sayi ƙaramin sikeli na dijital, ki ɗora kwalbar babu komai ki danna ya koma sifili sannan ki zuba. Harkar awo da sikeli tana hannun GSA, hukumar kula da ingancin kaya, kuma tun kafin su Suratul Muɗaffifina ta ja mana kunne kan tauye mudu, wannan haƙƙin mutane ne.

Kar tsoron kuɗi ya hana ki zuwa. FDA ta fito da tsarin lasisi mataki-mataki a 2020 musamman don masu ƙananan sana'a irin taki, ana farawa da lasisi mai launin ruwan hoda a hau rawaya a kai kore yadda wurin aikinki yake gyaruwa. Suna da ofis a Kumasi, ki je da kanki da samfurin kayan da zanen lakabin kafin ki buga da yawa, kar ki biya ɗan tsakiya, kar kuma ki ari lambar FDA ta wani ki manna. Ranar lalacewa ma kada ki ƙiyasta da ka, shito mai kifi da mai ne, ki bari gwajin ɗakin bincike ya nuna wata nawa zai yi.