Wa ya raba zangon mita 40, kuma wa ke kare shi?

Ɗana, ka ce da daddare kana jin wani ɗan Amurka yana kira a kan kilohaz 7250, murya tar, amma an hana ka amsa masa a wurin. Kana son sanin wanda ya kafa wannan doka, da kuma abin da ya haɗa IARU, ƙungiyar 'yan rediyon sha'awa ta duniya, da rediyon da ka saya da kuɗinka.

Wanda ya hana ka ya yi maka gata. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, mai hedikwata a Janeba, ta kasa duniya yanki uku. Afirka da Turai da yawancin Gabas ta Tsakiya da Rasha su ne yanki na 1, nahiyar Amurka yanki na 2, sauran Asiya da ƙasashen tekun Fasifik yanki na 3. Mutumin da kake ji yana yanki na 2, inda 'yan rediyon sha'awa, masu lasisin magana da juna ta rediyo, ke da daga kilohaz 7000 zuwa 7300, wato zangon mita 40. Mu namu ya tsaya a 7200. Daga nan zuwa sama na gidajen rediyon gajeren zango ne, wato mita 41 ɗin da mutanenmu suka saba kamawa. Ko 7200 ɗin ba daɗaɗɗe ba ne. A 7100 muke tsayawa har sai da taron rediyo na duniya na 2003 ya yanke cewa gidajen rediyo su matsa, aka fara aiki da hakan ranar 29 ga Maris 2009.

In kana son magana da shi, ko dai ya sauko ƙasa da 7200, ko ku raba mita: shi yana magana a 7250, ya faɗi inda yake saurare, a ce 7180, kai kuma ka sa na'urarka ta ji a can ta aika a nan. Ka dubi fuskar na'urar kafin ka matsa makirufo, don wasu masu fita daga iyaka mantawa suke yi ba su kunna rabon ba. Ka kuma tuna muryarka tana cin kusan kilohaz 3. A mita 40 ana amfani da LSB, murya tana zuba ƙasa da lambar da kake gani. A mita 20 kuwa USB ne, tana hawa sama, shi ya sa wanda ya tsaya a 14350, inda zangon ya ƙare, ya riga ya fita. Kada ka wuce 14347.

IARU ba ita ke ba da lasisi ba, ba ta kuma kama kowa. Haɗakar ƙungiyoyin ƙasashe ce da aka kafa a Faris a 1925, Hiram Percy Maxim na Amurka ne shugabanta na farko. Yanzu mambobinta sun haura 160, kuma ƙa'idarta ƙungiya ɗaya tak daga kowace ƙasa: NARS a Najeriya, RSGB a Birtaniya, DARC a Jamus, ARRL a Amurka, wadda ita ce ke riƙe da sakatariyar haɗakar. Wasu na ganin ƙa'idar ta yi tsauri. Ni ina ganin ita ce ƙarfin abin, domin jami'in gwamnati in ƙungiyoyi biyu suka zo masa da magana biyu, duka biyun zai ajiye a gefe. Kowane yanki yana babban taronsa duk shekara uku, kowace ƙungiya da ƙuri'a ɗaya, babba ko ƙarama.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne wannan. A taron rediyo na duniya, wanda ake yi duk shekara uku zuwa huɗu, kamar na Sharm el-Sheikh a 2019 da na Dubai a 2023, IARU tana halarta tana ba da hujja, amma ba ta da ƙuri'a. Gwamnatoci ne ke yankewa. Saboda haka hanyar magana takan fara ne daga ƙungiyar ƙasa zuwa hukumar da ke ba da lasisi, daga nan zuwa tarukan share fage na ƙungiyar sadarwa ta Afirka, ATU, inda ake haɗa matsayar nahiyar, sannan a kai ta babban taro. Kamfanonin waya da na tauraron ɗan adam suna bin wannan hanyar da lauyoyi da injiniyoyinsu. Ƙasar da ƙungiyarta ta yi barci, wakilinta zai je ya zauna bai taɓa jin bakin ɗan rediyon sha'awa ko ɗaya ba. Wannan yana damuna ƙwarai, don Afirka na da kujeru sama da 50 a wannan zaure.

Ta wannan hanya aka samo mita 30 da 17 da 12 a taron 1979. A 2003 aka cire tilascin iya Mos, wato aika saƙo da gajeru da dogayen sautuka, daga dokar duniya, aka bar wa kowace ƙasa zaɓi. A 2015 aka samu daga 5351.5 zuwa 5366.5 a mita 60, kilohaz 15 kacal, da iyakar wat 15 na ƙarfin da eriya ke watsawa. Lura, ba ƙarfin na'ura ake nufi ba. Eriyar waya mai reshe biyu tana ninka ƙarfi kusan sau 1.64, don haka abin da zai isa gare ta kada ya wuce kusan wat 9. Kuma duk abin da taron ya amince, ba naka ba ne sai hukumar ƙasarka ta rubuta shi a lasisinka.

Cikin zangon kansa kuma, IARU ce ke tsara inda kowa zai zauna. A yawancin ƙasashe wannan tsari yarjejeniya ce, ba doka ba, amma mai karya shi ba ya samun mai amsa masa. A mita 20, daga 14000 zuwa 14070 na Mos ne. Mita 30 ba a murya a cikinta. An yi wa Afirka ta kudu da ikwaita sassauci da rana, amma Najeriya da Nijar suna arewa da layin, bai shafe mu ba. Ba a yin gasar 'yan rediyo a mita 30 da 17 da 12. A yankinmu 3760 da 7110 da 14300 da 18160 da 21360 wuraren haɗuwa ne in bala'i ya auku, ka ji ana aikin ceto ka kauce.

Kada ka taɓa aikawa a 14100. Tashoshin alama 18 ne ke karɓa-karɓa a wurin, kowace daƙiƙa 10, zagaye ɗaya minti 3, har da 5Z4B ta Kenya da ZS6DN ta Afirka ta Kudu. Kowace takan faɗi lambar kiranta da Mos, ta biyo da dogayen sauti huɗu: wat 100, wat 10, wat 1, sai kashi ɗaya cikin goma na wat. Yawan sautin da ka iya ji shi zai gaya maka yadda hanya ta buɗe zuwa can. Suna kuma zagayawa a 18110 da 21150 da 24930 da 28200.

In ka ji baƙon da ba ɗan sha'awa ba a zangonmu, gidan rediyo ko na'urar hangen jirage ta soja, kada ka hau kansa da hayaniya, don kai ma ka karya doka. Fara kunna maɓallin rage ƙarfin shigowa. In sautin ya ɓace gaba ɗaya alhali sauran tashoshi sun ɗan ragu kawai, na'urarka ce tashoshin mita 41 suka fi ƙarfinta, babu wani baƙo. Sannan ka duba ko a wannan zangon mu ne masu gida ko 'yan haya, domin a mita 30 da 60 matsayi na biyu muke, dole mu haƙura. In ka tabbata, rubuta mita da kwanan wata da lokaci a agogon duniya na UTC da faɗin sautin, ka ɗauki muryar, ka miƙa wa ƙungiyar ƙasarka. Ita za ta kai wa sashen sa ido na IARU da hukumar ƙasa, kuma hukuma ce kaɗai ke iya rubuta wa takwararta.

Batun tafiya ma haka ne. Turawa suna da yarjejeniyar T/R 61-01 tun 1985, wadda ke barin mai lasisi ya yi aiki na ɗan lokaci a wata ƙasar, amma tsakanin ƙasashen da suka shiga kawai. Lambar kiranka mai farawa da 5N ta Najeriya ba ta ba ka ikon aikawa daga Maraɗi ba, can ƙasar 5U ce, kamar yadda Gana take 9G, Kamaru TJ, Chadi TT. Ka nemi izinin hukumar ƙasar a rubuce tun kana gida, ka haɗa da kwafin lasisinka da samfurin na'urar da lambarta, ka tuntuɓi ƙungiyar can in akwai. Takardar ta kasance a jaka ɗaya da rediyon lokacin da za ka isa wurin kwastan.