Malafar Gashi da Tsohuwar Fijo: Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan makon, kuma dukkansu a kan tsohon kaya ne: malafar gashi irin ta Turawan da, da motocin zamanin iyayenmu. Na taƙaita tambayoyin saboda wuri.

*Malam, daga Kaduna nake rubuto maka. Na ga tsofaffin malafu biyu a intanet wurin wani dillali a Ingila, ɗaya Borsalino, ɗaya Stetson mai tambarin 10X. Kuɗin guda ɗaya nake da shi. Wacce zan ɗauka?*

Ɗan'uwa, ajiye maganar suna tukuna, ka nemo tef ɗin tela. Ka zagaya shi a kanka, ta tsakiyar goshi, ɗan sama kaɗan da kunnuwa, ka ga santimita nawa ne. Wannan lambar ita ce za ta yanke rabin hukuncin. Kan da ya kai santimita 57 shi ne 7⅛ a ma'aunin Amurka, amma 7 a ma'aunin Ingila. Santimita 58 kuwa 7¼ ne a Amurka, 7⅛ a Ingila. Ka ga ke nan lamba ɗaya tana iya nufin girma biyu, ga shi dillalinka yana Ingila, Stetson kuma 'yar Amurka ce. Ban da wannan, tsohuwar malafa tana tsukewa idan ta daɗe a ajiye. Saboda haka kada ka yarda da 'yar takardar da ke manne a ciki. Ka sa shi ya auna tsawo da faɗin bakin ciki da tef, ya ɗauko maka hoton awon.

Sai fatar da ke zagaye a ciki, wadda take shan gumi. A nan na taɓa ƙonewa. Na sayi wata malafa da ta yi kyau ƙwarai a hoto, ranar da ta iso na juya fatar don in duba bayanta, sai ta tsage a hannuna kamar busasshen ganye. Tun daga ranar ba na biyan ko sisi sai an nuna mini fatar an ɗan lanƙwasa ta, an kuma nuna ɗinkinta. Ana iya sake fata, amma mai wannan sana'a yana da wuyar samu a wajenmu.

Game da 10X ɗin da ya ja hankalinka: wannan X alama ce ta darajar gashin da aka yi malafar da shi, sai dai babu ma'auni guda da kamfanoni suka yarda da shi. Kowane kamfani da nasa lissafin, kuma ko a kamfani ɗaya ma'anar ta sauya daga zamani zuwa zamani. Masu tara malafu sun san cewa tsohuwar 3X tana iya fin sabuwar 10X laushi da ƙarko. Abin da za ka tambaya shi ne: gashin mene ne? Wannan ƙyalle ba saƙa shi ake yi ba. Gashi ake barbazawa, a yi ta dannawa da murzawa da ruwan zafi da tururi har ya sarƙe da kansa ya zama abu guda, irin yadda ake yin dara. Na gashin tumaki shi ne mai araha, yana da kaushi, kuma ruwan sama yana tsuke shi. Na gashin zomo ya fi shi nesa ba kusa ba. Na ƙoli shi ne wanda aka haɗa da gashin wata dabbar ruwa ta ƙasashen sanyi da ake kira biba, mai santsi a hannu, ruwa kuma ba ya saurin ratsa shi.

Duka sunayen biyu manya ne. Giuseppe Borsalino ya buɗe masana'antarsa a garin Alessandria na Italiya a 1857, John B. Stetson kuma ya fara tasa a Filadelfiya a 1865. An san Borsalino da malafa marar nauyi, mai laushin da za ka gyara lotsawar samanta da yatsunka. Stetson suna yin irin ta 'yan birni, amma masu tambarin X yawanci irin ta makiyayan Amurka ce, mai tauri da faɗin baki da nauyi. Wanda zai sa ta a Kaduna, ni dai Borsalino zan ce masa, in har awo ya yi daidai kuma fatar tana da rai. Idan Stetson ɗin ce ta dace da kanka, ɗayar kuma ta matse, to ɗauki Stetson. Malafar da ke sa ciwon kai a cikin kwali za ta ƙare.

*Malam, mahaifinmu ya rasu bara. Da muka buɗe akwatinsa sai muka sami wata malafa ruwan toka da ya sayo lokacin da ya je karatu Ingila. Asu ya ɗan taɓa ta, ta kuma lotse. Ƙannena sun ce a yar. Tana gyaruwa?*

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Don Allah kada a yar da ita.

Lotsewa ba matsala ba ce. Ki ɗora butar shayi a wuta, idan ta fara fitar da tururi ki riƙe wurin da ya lotse a kan tururin na ɗan lokaci kaɗan, sannan ki tura shi da yatsu daga ciki, ki bar shi ya huce a haka. Gashin yana tuna siffarsa. Ki dai kiyaye kada tururin ya taɓa fatar ciki, domin nan take za ta ƙanƙance ta ƙeƙashe. Ƙura kuma buroshi mai laushi ne maganinta, ki riƙa shafawa ta gefe ɗaya, yadda gashin ya kwanta. Ban da sabulu, ban da jiƙawa, ban da shanyawa a rana.

Asu shi ne abin tsoro, saboda mai yiwuwa ƙwansa yana nan. Ki sa malafar a leda ki ɗaure sosai, ki ajiye ta a cikin firiza kamar mako guda, a lokacin da wuta ta ɗan tsaya. Idan kin fitar, ki bar ta a cikin ledar har ta daina sanyi kafin ki buɗe. Inda asun ya ɗan goge sama kawai, buroshi yakan ɓoye shi. Inda ya huda har haske yana wucewa, wannan ba ya toshuwa yadda ido ba zai gani ba, kuma ni ba zan ɓata rai a kansa ba: malafar mahaifinku ce, ba ta kasuwa ba. Wajen ajiya, a kife ta a kan ƙoƙonta, bakin yana kallon sama, a cikin kwali da ɗan kafur a gefe wanda ba ya taɓa jikinta. Mai ɗaukarta kuma ya kama baki da hannu biyu. Yawan tsunkular gaban ƙoƙon shi ne yake tsaga malafa.

*Malam, ni matashi ne a Kano, ina aiki, na tara 'yan kuɗi. Burina tsohuwar mota da zan riƙa fita da ita ranar Juma'a da malafata. An nuna mini Fijo 504 da Marsandi irin ta W123. Marsandin ta fi sheƙi, an ce ba a daɗe da yi mata fenti ba.*

Ƙanena, kalmar da ta tsorata ni a wasiƙarka ita ce "ba a daɗe da yi mata fenti ba". Sabon fenti a jikin motar da ta haura shekara talatin da biyar tambaya ce, sai an amsa ta. Ka je da ɗan maganaɗisu a aljihu, ka naɗe shi da ƙyalle, ka bi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi da shi. Inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne a wurin, cikon masu gyaran jiki ne. Ka ɗaga kafet ka duba daɓen motar, ka fitar da safaya ka leƙa ramin da take zama, ka duba ƙarƙashin batir da wuraren da ake kafa jak. Inji yana gyaruwa ko a sauya shi. Jikin da tsatsa ta cinye kuwa rami ne da kuɗi ba sa cika shi. Ka tambayi inda motar ta yi rayuwarta: wadda ta zauna a Arewa, inda iska take a bushe, yawanci ta fi wadda ta sha iskar teku a Legas ko Kwatano lafiyar ƙarfe.

Duka biyun motoci ne na gaske. An yi W123 daga 1976 zuwa 1986, an ƙera sama da miliyan biyu da rabi, kuma masu injin dizal ɗinta sun yi suna wajen jure tafiya. Amma kayan gyaranta na asali suna da tsada, kuma ƙananan abubuwa kamar makullan ƙofa masu aiki da iska sukan wahalar da bakaniken da bai saba da su ba.

Fijo 504 kuwa 'yar gida ce. Ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma ci gasar tseren motoci ta Safari a Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekarar ce kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna, kuma an ci gaba da yin 504 a can har bayan shekarar 2000, shekaru da dama bayan Faransa ta daina. Ma'anar wannan a gare ka ita ce, akwai dattawan bakanikai da suka tashi a kanta, suna gane ciwon kafiretonta da kunne, kuma a Ƙofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna ba za ka rasa kayanta ba. Laushinta a kan hanya mai gargada har yau ƙananan motoci ba su kamo shi ba. Wahalar da ke tattare da ita ɗaya ce: yawancinsu sun yi aikin haya a tasha har sun gaji, an yi musu aro daga nan da can. Ka nemi wadda ta fito daga gidan mutum ɗaya, ka tabbatar lambar shasi ta yi daidai da takardu, ka tuƙa ta har inji ya yi zafi kana kallon allurar lagireto.

Shawarata Fijo, tunda motarka ta farko ce a wannan harka. Kuma kada ka zuba duk abin da ka tara a saye. Ka riƙe kamar kashi ɗaya cikin uku, domin birki da tayoyi da robobin da suka bushe za su nemi haƙƙinsu a watannin farko.

Ka kuma tafi da malafar ranar gwaji, ka zauna da ita a kanka a bayan sitiyari. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a tarihin mota. Pierre Boulanger, shugaban kamfanin motoci na Citroën a Faransa, ya dage cewa ƙaramar motarsu 2CV ta zama mai tsawon rufin da mutum zai shiga da malafarsa, haka shi ma K. T. Keller na Chrysler ya yi a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da rufin motoci ya yi ƙasa daga ƙarshen shekarun 1950, sai malafa ta zama kaya, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa Turawa suka daina sa ta kullum. Idan dogo ne kai, mai gajeren ƙoƙo za ka nema. Abin da ba za ka taɓa yi ba shi ne barinta a kan bayan kujera ƙarƙashin gilashi: ranar Kano ta wuni ɗaya ta isa ta kashe fatar ta kuma kwashe launin.

*Malam, ina son malafar gashi amma ina jin nauyin sa ta. Ba za a ce na zama Bature ba? Kuma da wannan zafin namu?*

Malam, ai kan Bahaushe ya daɗe da sanin wannan ƙyalle. Dara da ake naɗa rawani a kanta danginsa ce, kuma da yawa daga jajayen hulunan da ke kasuwanninmu daga ƙasar Cek suke zuwa, daga kamfanin Tonak wanda asalinsa ya faro tun 1799. Malafa mai baki ma muna da tamu ta kaba tun kaka da kakanni. A Kudu kuwa mutanen Neja Delta sun mai da ta Turawan kayan gargajiyarsu, kamar yadda kowa ya gani a kan tsohon shugaban ƙasa Goodluck Jonathan.

Zafi dai gaskiya ne. Daga Maris zuwa Mayu ka bar ta a kwali, ka ɗauki ta kaba. Lokacinta hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da safiya da yamma, kuma ka riƙa goge mata ƙura duk ranar da ka dawo. Ta fi zama da kaftani marar yawan aiki ko riga da wando. A kan babbar riga, ni a idona, zanna ko dara sun fi ta. Ka fara da ruwan toka ko ruwan ƙasa mai matsakaicin baki, domin baƙa tana nuna ƙurar hunturu tun kafin ka kai bakin titi. Ka kuma riƙa sa 'yar ƙaramar hula a aljihu saboda sallah, tunda bakin malafa yana hana goshi taɓa ƙasa.